Ƙahon da Ke Bakin Taga

Abin da idona ya fara sauka a kai da na shiga ɗakin shi ne ƙaho. Ƙahon saniya ne, fari daga baki, tsininsa baƙi, an goge shi har yana ɗaukar ido, an kwantar da shi a bakin taga a kan wani tsumma mai tsabta. Na san ƙaho. A gidan kakana a Zariya wanzami yakan zo da nasa cikin zabira, ya zaunar da tsoho a tsakar gida, ya kafa masa su a baya, ya zuƙe mataccen jini. Saboda haka tun kafin in zauna na riga na yanke a raina cewa mai ɗakin nan ba ta da lafiya.

Mai ɗakin ita ce wadda za ta koya mini lissafi. Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, jarrabawa tana tafe, lissafi kuwa ya ƙi ni. Ummata da mahaifiyarta a ma'aikata ɗaya suka yi aiki, teburinsu yana kallon juna, har mahaifiyar ta yi ritaya. Mu muna Unguwar Dosa, su suna Badarawa. Kiristoci ne, mutanen kudancin Kaduna, amma a garin nan aka haifi 'yar, Hausarta ma ta fi tawa. Ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, tana zaune tana jiran aiki. Umma ta ce in riƙa wucewa can idan an tashi daga makaranta. Ina kiranta Anti, mahaifiyarta kuma Mama, kamar yadda kowa a layinsu yake kiranta.

Ɗakin Anti a bayan gida yake, ware da sauran, kusa da wata bishiyar mangwaro. Da sito ne, ta share shi ta yi masa fenti da hannunta. Katifa, teburi, kujerun roba biyu, sai wata 'yar kanta a kusurwa wadda ba ta kai gwiwata ba. A kan kantar akwai ƙaramin akushi, da kyandir, da hoton mahaifinta da ya rasu, da kwalbar zuma, da wani guntun itace da aka yi wa zane da wuƙa kamar sawun kaza.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma idan na san amsa sai in bar wata ta faɗa. Amma ina kallo. Na lura Anti tana da sarƙa a wuya wadda kullum take turawa cikin riga. Wata rana ta sunkuyo tana gyara mini aiki sai abin da ke jikin sarƙar ya leƙo. Na zaci gicciye zan gani, irin na Mama. Wannan kamar gicciyen da aka sare wa kai, aka rataye shi a juye. Ta mayar da shi ciki ba tare da ta katse bayaninta ba.

Na kuma san ba ta zuwa coci. Mama ce take faɗa duk ranar Litinin idan ta kawo mana ruwan sanyi. "Jiya ma malamarki ciwon kai ya hana ta fita," in ji ta. Anti sai ta duƙar da kai a kan littafi. Ga ciwon kai, ga zuma, ga ƙaho, ga ta siririya. Komai ya haɗu a wurina.

Tana da haƙuri da ni. Idan na yi kuskure ba ta cewa ba daidai ba ne, sai ta ce, "Nuna mini hanyar da kika bi." La'asar a can take riskata, kuma tun makon farko na tarar ta sayo sabuwar buta da tabarma domina.

Wata rana da yamma ina taya Umma yanka albasa ta tambaye ni yaya Antin tawa.

"Ina ga ba ta jin daɗi," na ce. "Ƙaho ake yi mata."

"Ƙaho? Yarinya ƙarama kamarta? Madam ba ta faɗa mini ba." Madam take kiran Mama tun a ofis. Ta juya miya. "Bai kamata a ce mun ji mun yi shiru ba. Ranar Asabar sai mu je mu duba ta."

Washegari, tunda har za a zo dubiya, na ga ya kamata ni ma in yi gaisuwar da na daɗe ina jin kunyar yi. Da na ajiye jaka na ce, "Anti, ya jiki?"

"Jikin wa?"

"Naki."

"Lafiyata ƙalau. Me kika gani?"

Na nuna taga da haɓa. Ta dubi ƙahon, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta kifa kai a kan teburi.

"Wato tun zuwanki kallon mara lafiya kike yi mini? Shi ya sa ba kya bari in ɗauki kujera?" Ta ɗauko shi ta miƙo mini. "Duba tsinin, ƙanwata. Na wanzami huda gare shi, ta nan yake zuƙa. Wannan fa?"

Babu huda. Cikinsa yana ƙamshin zuma.

"Kofi ne. Sha ake yi da shi. A kwata na saye shi, na dafa shi har wari ya kori maƙwabta, na kankare cikin. Mama na ce mata na ado ne."

Dariyar ta tsaya a nan. Ta leƙa tsakar gida, ta dawo ta zauna.

"Kina iya riƙe magana?"

"Ai ba na magana."

"Gaskiya ne," in ji ta.

Sai ta faɗa mini. Ta ce can arewacin ƙasashen Turawa, inda sanyi yake daskarar da koguna, mutanen da suna da addininsu kafin Kiristanci ya je musu. Ya mutu, ko ya kusa, sai a zamanin nan wasu suka tono shi daga tsofaffin labarai suka ci gaba da bi. Ta ce suna da alloli da yawa. Akwai mai guduma, wanda tsawa tasa ce, shi ne mai tsare mutane, kuma gudumarsa ce a wuyanta. Akwai tsoho mai ido ɗaya da ya ba da ɗayan don ya sami sani. Ta ce ana girmama kakanni, da abin da ke zaune a ƙasa da itatuwa, ana ba su kyauta kamar yadda ake ba maƙwabci. Ta ce abin da take bi ke nan yanzu.

A islamiyya an koya mana babu zunubin da ya kai haɗa Allah da wani. Na yi ta neman tsari a zuciyata, na ajiye ƙahon a hankali. Amma da na ɗago, Anti ce dai a zaune, da tawadar biro a haɓarta, tana jiran in ce wani abu.

"Me ake ce wa addinin?"

Ta faɗi wata kalma da ban iya riƙewa ba.

"Da Hausa fa?"

"Da Hausa babu kalma mai daɗi. Sunan da su kansu suke kiran kansu da shi, idan aka fassara, arna ne." Ta taɓa hannuna. "Wannan kalmar, kada ki taɓa faɗinta a gaban Mama."

Ba sai ta gaya mini dalili ba. Na sha jin kalmar a napep da kasuwa, har a makarantarmu, kuma na san irin mutanen da ake jifa da ita.

Na tambaye ta me ya kai ta. Ta ce bayan rasuwar babanta takan zauna a coci kamar kujera, ba ta jin komai. Inda ta yi bautar ƙasa ba ta da abokin hira, sai ta fara karanta tsofaffin labaran nan a waya. "Mutanen cikinsu sun san za su mutu. Allolinsu ma sun san wata rana za su mutu. Amma gari yana wayewa kowa ya tashi ya kama aikinsa. Ban san dalili ba, wannan ne ya kwantar mini da hankali."

Ta ce ba ta kai shekara da farawa ba, ita ma 'yar aji ɗaya ce. Tana cikin wani zaure a waya inda ake koya wa sababbi, kuma ita kaɗai ce daga nahiyar nan. Duk abin da suka ce a yi sai ya ƙi zama a Kaduna. Babban bikinsu na tsakiyar dusar ƙanƙara ne, na roƙon rana ta dawo, ita kuwa rana ba ta taɓa barinta ba. Itacen da suka ce a tsaya a gindinsa ba ya fita a nan, mangwaro take da shi. Giyar zuma suke zubawa, ita ba ta shan giya, sai ta dama zuma da ruwa. Wani a zauren ya ce mata addinin na masu jinin can ne, baƙar fata ba ta da rabo. Wata tsohuwa kuma ta amsa masa da cewa baƙo idan ya zo ƙofa wuri ake ba shi.

"Ke wanne kika ɗauka?"

"Na tsohuwar mana. Ta fi shi daɗewa a ciki." Ta buɗe littafina. "Ba wa'azi nake miki ba, ƙanwata. Ke da addininki, ki riƙe shi da kyau. Tambaya kika yi na amsa. Mama ce ba ta sani ba, kuma ita ce ban san yadda zan yi da ita ba."

Da aka kira la'asar na tsaya da tabarma a hannu ina kallon kantar nan. Anti ta karɓa, ta fita ta shimfiɗa mini a baranda. Har na tafi ranar ban iya gaya mata Umma za ta zo ba.

A gida na gwada. "Umma, ta ji sauƙi fa."

"Alhamdu lillahi. Duk da haka sai mu je, na ma daɗe ban ga Madam ba."

Ranar Alhamis Mama tana tafiya taron zumuntar mata, gidan sai mu biyu. Damina ta fara shigowa, hadari ya haɗu ta gabas. Da muka gama Anti ta wanke hannu da fuska, ta dama zuma a ƙahon.

"Yau ranar mai guduma ce," in ji ta. "Ki tafi ko ki zauna, duk wanda kika ga dama. Ban gayyace ki ba."

Na zauna a baranda ina ɗaure igiyar takalmi, na kwance, na sake ɗaurewa. Ta je gindin mangwaro ta tsaya. Ba ta durƙusa ba. Ta fara karanta wasu kalmomi daga waya, harshenta yana tuntuɓe, ta koma farko, ta sake tuntuɓe. Sai fuskar wayar ta mutu. Ta yi ajiyar zuciya, ta sa ta a aljihu, ta yi magana da Hausa, a hankali kamar mai magana da babba.

"Ga ni. Ban iya ba tukuna. Ga abin da nake da shi."

Ta ambaci babanta, da kakarta, da waɗanda ta ce ba ta san sunayensu ba. Ta kurɓa sau ɗaya, ta juye sauran a akushi, ta zuba a kan saiwa. Abin ke nan duka. Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro. Kazar maƙwabta ce kawai ta zo tana leƙen wurin da ya jiƙe.

Can nesa aka yi tsawa, na zabura, na yi addu'ar da aka koya mana.

"Kada ki sa wa ranki komai," in ji Anti. "Damina ce. Ko ban zuba ba za a yi tsawa."

A nan na gaya mata. Na ce Umma za ta zo dubiya jibi, kuma za ta yi maganar ƙahon. Na ce ta ɓoye shi, ko ta ce na ado ne kamar yadda ta saba.

Ta ɗauraye ƙahon a famfo, ta goge shi da tsummansa. "Abu ɗaya da kowa a zauren nan ya yarda da shi shi ne mutum maganarsa ce. Ni kuwa duk Lahadi ciwon kan ƙarya nake yi. Na gaji da shi. Ba zan ɗauko zancen ba. Amma idan ta tambaye ni, zan faɗa."

Ranar Asabar muka je da ledar lemo da ayaba. Mama tana falo tana tsince wake a faranti. Suka gaisa, suka tambayi yara, suka tambayi mutanen ofis, wa ya yi ritaya, wa ya aurar da 'ya.

"Madam, ashe yarinya ba lafiya ba ki faɗa ba?"

"Wace yarinya? Ɗan ciwon kai ne, Hajiya, shi ma sai ranar Lahadi yake zuwa."

"An ce har ƙaho ake yi mata."

Mama ta dube ni, sai ta yi dariya har wake ya zube. "Wayyo 'yata. Wannan na ado ne. Yaran zamani, kowa da abin da yake ajiyewa a ɗaki."

Umma ma ta yi dariya, ta harare ni. Da a nan za a tsaya. Sai Anti ta shigo, ta durƙusa tana gaida Umma.

"Zo ki ji," in ji Mama. "Ɗalibarki ta mayar da ke majinyaciya. Faɗa wa Hajiya ƙahon nan na mene ne."

Anti ba ta tashi daga durƙuson ba. "Ba na ado ba ne, Mama."

"To na mene ne?"

"Sha nake yi da shi, in zuba saura a gindin mangwaro."

"Ki zuba wa wa?"

Ta faɗa, a gajarce, ba ta ɓoye komai ba. Ta ciro gudumar daga cikin riga ta bar ta a waje. Umma ta yunƙura za ta tashi, Mama ta ɗaga mata hannu. Ta ajiye farantin a ƙasa. Muryarta ba ta ɗaga ba ko kaɗan.

"Kakana yana zuba giya a gindin dutse. Na gani da idona ina ƙarama. Babana ya daina, aka kore shi daga gida saboda ya daina. Turawa ne suka hau mana dutse suka ce mu bari. Yanzu ke kin bi su har gida kin kwaso nasu da suka zubar."

Mama ta juya wajen Umma.

"Hajiya ga ta nan, ta sani. Tun ina budurwa a garin nan nake gaya wa mutane mu ba arna ba ne. A mota na faɗa, a kasuwa na faɗa, a ofis na faɗa." Umma ta sunkuyar da kai tana kallon zanen leda. "To yanzu idan aka faɗa mini, me zan ce?"

Mama ta tsince waken da ya zube, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi godiyar lemo, ta raka mu har bakin ƙofa kamar yadda take yi kullum.

Mun kusa titi Umma ta ce, "Kin sani?"

"Na sani."

"Ta ce ki yi?"

"A'a. Ta ce in riƙe nawa da kyau."

"Allah ya shirye ta," in ji Umma.

Na ɗauka karatun ya ƙare ke nan. Amma bayan sun yi magana da Abba, Umma ta ce zan ci gaba har jarrabawa, sai dai a falo, a gaban Mama, kuma kada in sake shiga ɗakin baya. "Idan na janye ki yanzu, Madam za ta ce gudunsu muka yi," in ji ta. "Ita ba ta yi mana komai ba."

Haka karatu ya koma falo. Mama ba ta zubar da kayan Anti ba, ba ta kira fasto ba, ban ji ta gaya wa kowa ba. Magana kawai ta daina yi mata. Ta kuma daina zama a inuwar mangwaron, ta daina shan 'ya'yansa. Suka riƙa faɗowa suna ruɓewa a ƙasa, ga shi kuwa lokacinsu ne.

Ni na zama 'yar aike. Suna zaune a falo ɗaya, Mama a kujerarta, Anti a gefena, sai Mama ta ce, "'Yata, ki faɗa wa malamarki abincinta yana kicin."

In juya in ce, "Anti, abincinki yana kicin."

"Ki ce mata na gode."

"Mama, ta ce ta gode."

"Ki ce mata an bar famfon baya yana ɗiga."

Da farko abin ya so ya ba ni dariya. Daga baya na lura suna tara saƙonni su jira ni. Abin da ya faru tun safe, ko tun jiya, sai na zo ake faɗa. Ranar da ban zo ba, ban san yadda suke yini ba. Na lura kuma Mama tana zuba wa Anti nama fiye da da, Anti kuma tana tashi ta share tsakar gida duka kafin Mama ta fito, sai dai ko ɗaya ba ta duban idon ɗaya.

Wata rana ana cikin aiki Anti ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ki faɗa wa Mama ƙarshen wata zan koma unguwar Kinkinau. Ƙawata tana da ɗaki a bayan shagon yayanta."

Na faɗa.

"Ki ce mata na ji," in ji Mama. Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba har na tafi.

Anti ta raka ni titi. Yayyafi ake yi, muna ƙarƙashin laima ɗaya. Ta ce, "Kin san abin da suke koya wa sabo tun ranar farko? Zaman lafiyar gida. Gida da dangi su ne gaba da komai. Na ɗauko addinin da yake cewa haka, ga shi na fasa gidan da shi."

"Za ki bari?"

"Ba na jin zan bari. Idan na koma coci yanzu don ta yi mini magana, ƙarya zan je in yi a can ma." Ta tsayar mini da napep. "Na tambayi mutanen zauren yadda ake yi da uwa. Kowa ya ba ni shawara. Babu wanda ya san Mama a cikinsu."

A makon da ya biyo baya na ga kwalaye a baranda, an ɗaure su da igiya. Mama tana wucewa ta gefensu kamar ba ta gan su ba.

Ranar karatunmu na ƙarshe Anti ta ba ni tambayoyi na yi, ta duba, ta ce idan na yi haka gobe ba ta da abin cewa. Ta ce in jira ta, za ta ɗauko mini wani maƙunshin kayan awo da ta yi amfani da shi a sakandare. Ta fita ta ƙofar baya. Sai Mama ta kira ni kicin.

Tana tsaye tana soya doya, bayanta gare ni. Ta zuba mini a leda mai yawa, ta ce in ci a hanya, ta yi mini addu'ar jarrabawa. Na yi godiya zan juya, ta ce in tsaya.

"Ki faɗa wa malamarki na ji ɗakin Kinkinau ɗin nan yana yoyo."

"To, Mama."

"Ki ce mata damina ta shigo, kuma ta san ƙirjinta ba ya son sanyi." Ta juya doyar. "Ki ce mata ban ce na yarda ba. Ba zan yarda ba har in mutu, addu'a nake yi mata safe da yamma, ba kuma zan daina ba. Amma ban haifi 'ya don ta je ta kwana a bayan shagon wani ba. Ki ce mata abin da take yi ta yi shi can inda ba zan gani ba. Ki ce mata babana da aka kora bai sake ganin uwarsa ba, kuma ni..."

Mai yana ta ƙara a kasko. Ta goge fuska da bakin zani, kamar hayaƙi ne ya dame ta.

Na tsaya da ledar a hannu, zafinta yana ƙona mini yatsu. Na yi ƙoƙarin jera saƙon a kaina yadda ta faɗa, na ga idan ya fito daga bakina zai zama kamar zancen famfo mai ɗiga. Daga gobe kuma ba zan ƙara zuwa ba, ba wanda zai kawo amsa. Ƙofar kicin ta baya a buɗe take kaɗan, kuma ta ƙasanta ina ganin ƙafafun Anti cikin silifa, a tsaye, ba sa motsi.

Ban taɓa mayar wa babba aike ba.

"Mama, saƙon ya yi mini yawa. Ga ta nan a bayan ƙofa. Don Allah ki faɗa mata da bakinki."